Rasuwar Takalman Wasana a Obin ɗin Mama

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da ƙafafu cike da bororo, ni Renata Dueck, 'yar baya a ƙungiyarmu ta ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar takalman wasana na zamiya a kan ƙanƙara, Na Dama da Na Hagu. Sun rasu tare ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a kicin ɗin iyayena da ke kudancin Manitoba.

Marigayan masu haƙuri ne. Tun karayar da na yi ina yarinya, wani ƙashi ya turo a idon sawuna na hagu, kuma duk takalmin da na sa sai ya ci wurin har ya fitar da jini. Su kaɗai suka lotsa suka ba ƙashin wuri. Tare muka yi shekarun da ake wasa ba albashi, ina koyarwa a makaranta da rana, muna shiga fili sai in maza sun gama nasu. Tare muka ga ƙungiya ta rushe, wata ta tashi. Ba su da yawan magana. In na miƙe da gudu su ce shuu, shuu, in na taka birki su ce ƙirrr, shi ke nan. Wari kam suna da shi, ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, har abokan wasana kan tura jakata bakin ƙofa da ƙafa.

Ciwon ajali ya fara ne daga dunduniya. Fatar ta saki, ƙafata ta soma rawa a ciki. Gord, mai kula da kayan ƙungiya, ya jujjuya su ya ce, "Renata, waɗannan sun gama aikinsu. Ki bar bayin Allah su huta." Na ƙi, don muna tsakiyar gwajin zaɓen 'yan wasa, kuma ba a shiga gwaji da baƙon takalmi.

Kowa ya san maganin. A ɗumama takalmi a ɗan obin, wato tandun gashi, na shagon kayan wasa, mutum ya sa shi da zafinsa, ya sake kama siffar ƙafa. Na ce zan kai su shagon da ke birnin Winnipeg. Babana Cornelius, wanda ya ƙarar da motoci biyu wajen kai ni wasa, ya ce, "Har Winnipeg don ɗumi? Zafi ai zafi ne, 'yata. Kawo su nan." Ya ɗumama obin ɗin Mama, ya kashe, ya jera su a faranti kamar yadda ake yi, ya leƙa falo ya ga ci nawa ake a talabijin. Ni kuma na haura sama neman safa. Mama ta shigo da ƙullin burodinta na Lahadi, ta ga obin a kashe, ta murɗa shi har ƙarshe ba ta buɗe ba.

"Cornelius, me ke ƙauri haka?" in ji ta. Kafin mu iso, Na Hagu ya rungume Na Dama, sun zama abu guda.

Na so in yi faɗa, na rasa da wa. Mama burodi take gasawa a obin ɗinta. Baba taimako ya yi niyya. Na zauna a ƙasan kicin na yi ta kallonsu suna hayaƙi.

Sun rasu sun bar ƙarafan zamiya guda biyu na ƙarƙashinsu da wuta ba ta ci ba, da sandata, da safa masu huji, da ni. Sun kuma bar magada, sababbin takalma da Gord ya ba ni, masu taurin kai, waɗanda ba su san ƙashina ba kuma ba su da niyyar saninsa. Ranar Juma'a mai horarwa za ta sallami 'yar baya guda, ko ni mai shekara talatin da huɗu, ko Tessa da ta gama jami'a bara. Jiya a wurin gwaji Tessa ta wuce ni kamar ina tsaye. Da muka fito ta ga jini a safata, ta durƙusa ta ce, "Kaka, miƙo ƙafar in naɗe miki." Na miƙa mata. Yarinyar ba ta ma bar mini hanyar tsanarta ba.

Ana karɓar gaisuwa a gidan iyayena. Don Allah kada kowa ya zo da burodi, kuma a yi hankali da Baba, tun ranar yake zaune a gareji bai kunna talabijin ba.

Batun jana'iza kuwa, ƙasa ta daskare, diga ba ta shiga. Gawar tana cikin kwali a gareji sai ƙanƙara ta narke a watan Afrilu, sannan a binne a bakin tafkin bayan gida. Baba ya ce shi zai haƙa ramin da hannunsa. Ya tambaye ni faɗin da zai yi, na takalma kawai, ko har da sanda da hula da riga. Na ce ya bari sai Juma'a.