Ragon Motar Sallau

Duk wanda ke cin kasuwannin ƙauye a yankinmu ya san Sallau mai maganin gargajiya, ko bai san fuskarsa ba ya san muryar lasifikarsa. Wata tsohuwar bas gare shi da ya cire wa kujeru, ya shimfiɗa katifa, ya kafa risho da randar ruwa. Nan ne ɗakinsa, nan ne shagonsa. Daga kan rufinta yake tallar kwalbarsa guda ɗaya tilo mai warkar da cuta casa'in da tara, tun daga basir har zuwa mantuwa. Motar kuwa ta ci ƙasa har allurar da ke ƙirga tafiya ta gaji ta kwanta. Saboda haka kullum akwai rago ɗaure a bayanta. Ran da ta lalace sai ya sayar da ragon ya biya bakanike, ya sayi ɗan ƙarami ya ci gaba da kiwo. Ragon mota ke nan, ko matarsa ba ta isa ta sa masa ido da Sallah ba.

To, a 'yan kwanakin nan giyar motar ta fara wani gurnani da ke hana Sallau barci. Tsoro yake ji sosai, don ya san in ta tsaya, abincinsa da makwancinsa sun tsaya tare. Ana cikin haka, ran kasuwa, sai ga wani saurayi ya faka wata ƙwaraɓaɓɓiyar mota kusa da shi, ya fito yana gyara wuyan riga, ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce daga wani kamfani yake a birni, masu ba tsofaffin motoci takardar garanti, in mota ta lalace su ɗauki nauyin gyara.

"Baba, ka sayar da ragon nan ka biya mu sau ɗaya, shi ke nan ka huta," in ji saurayin. "In giya ta zube, wallahi kuɗin rago ba zai ɗaga ta ba."

Maganar ta taɓa Sallau a inda ke masa ciwo. Ya dubi ragon, ragon ya dube shi yana tuƙa. Har ya fara tunanin wane dillali zai kira.

"To ɗana, in a daji ta mace mini fa?"

"Muna ciki, Baba."

"In tsufa ne kawai ya kayar da ita?"

Saurayin ya ɗan yi tari. "Wannan kuma sai injiniyanmu ya duba. Amma kada ka damu, takardar nan maganin komai ce. Inji, giya, birki, lagireto, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, duk ta ɗauke maka!"

Waƙar ta yi wa Sallau daɗi a kunne, har ma ya ji kamar ya san ta. Sai ya karkata kai ya leƙa motar baƙon, wadda aka ɗaure ƙofarta da tsumma, mai yana ɗiga a ƙarƙashinta.

"Taka fa? Ka yanka mata takardar?"

Saurayin ya sosa ƙeya. "Ai ni Baba, ban samu sukuni ba tukuna. Amma kai me zai hana ka? Abu mai maganin komai!"

Sallau ya zuba wa ragonsa dusa, ya ƙara tamke igiyar. Sannan ya ɗauko kwalba ɗaya daga kwali ya ɗaga ta sama.

"Ɗana, sana'armu ɗaya. Wannan ma cuta casa'in da tara take warkarwa. Ka tambayi duk kasuwar nan, akwai wanda ya taɓa ganin na sha?"