Ranar da na gyara amfilifayar surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙone abincin surukina da hannuna ba, ina murmushi kuma.

Baba Ummaru, mahaifin matata, yana da wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara murya mai kwalaben lantarki a ciki, irin wadda sai ta yi ɗumi kafin ta yi magana. Da ita yake cin abinci a Wurno: suna, walima, taron manoma, duk shi ake kira. Da idonsa ya yi rauni sai ya aiko mini da ita, wai waya ɗaya ta sake, in ɗiga mata dalma. Waya ɗaya fa, jama'a.

Ni kuwa lokacin ban daɗe da dawowa daga koyon gyaran wayar salula a Sakkwato ba, kaina ya fi kwando girma. Ina buɗe ta na yi tsaki. A kan kowace babbar kwalba akwai wata 'yar waya nannaɗe jikin wani ɗan abu mai rage ƙarfin wuta da ake kira rezista, duk ta yi baƙi. Na ce wannan ai shirmen tsofaffi ne. Na datse su, na sa sabuwar waya doguwa, na haɗa wayar shigar murya da ta fita na ɗaure wuri ɗaya tsaf. (Har hoto na ɗauka na tura wa abokaina, Allah Ya yafe mini.) Na kunna minti biyu, ta yi magana, na kashe.

Ranar taron manoman albasa kan rabon ruwan rani, ni na ɗauko ta da kaina, na zauna gaba cikin sabuwar shadda don kowa ya san mai aikin. Shugaban manoma ya fara jawabi. Bai kai ga faɗin ranar da za a saki ruwa ba muryarsa ta shaƙe kamar ta mai mura. Na leƙa, sai na ga cikin kwalaben ya yi ja kamar garwashi. Maimakon in kashe, ni gwani, sai na ƙara murya. Wani ƙauri ya tashi, hayaƙi ya biyo baya, amfilifaya ta mutu.

Baba Ummaru ya jira sai da ta huce. Ya sa yatsa yana lalube kan kwalaben, mutum fiye da ɗari suna kallo.

"Mi kac cire nan?"

Na ce wasu tarkace ne marasa amfani.

"Tarkacen nan su ka hana kwalba jin muryar kanta. In babu su, kuka takai wanda kunne bai ji, har ta cinye kanta. Kai ba a gwada maka wanga ba Sakkwato?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Wani dattijo daga baya ya ce a bar yaro, ai shaddarsa ta yi kyau. Aka fashe da dariya.

An nemi irin kwalaben har Kano ba a samu ba. Baba ya koma zaman ƙofar gida, wani mai sabuwar na'ura daga Rabah ya kwashe masa taruka. Wannan ya fi dariyar ci mini rai.

Yanzu in na ga abin da ban gane ba a cikin na'ura, sai in ɗauka ni ne jahilin, ba wanda ya sa shi ba. Baba bai taɓa yi mini faɗa ba. Sai dai duk ranar da na je gaisuwa, in akwai baƙi, yakan ce a shimfiɗa wa Injiniya tabarma, nesa da rediyo.