Rasuwar Baƙa, Mai Riƙe Shaidun Raƙuma

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, Malam Abarci mai shaidar bisashe, na bayan kasuwar Dakoro, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, makiyayan kusa da na daji, rasuwar na'urarsa mai ƙwaƙwalwa, wadda 'yan lekol ke ce wa ordinata, mutanen gida kuwa ke kira Baƙa. Ta rasu ranar Litinin bayan azahar, a kan tabarmar da ta saba zama, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya, shida daga ciki a gidansa. Ta tafi da shaidun wuta na gidaje sama da ɗari huɗu, waɗanda ba a aje su ko'ina ba sai a cikinta. Cikinsu har da wadda Jimrau na Korahane da Isufu na Birnin Lalle ke jira a raba musu gardama da ita ranar kasuwa mai zuwa.

Bai yi kuka ba. Abinci ma yana ci. Gishirinsa ne dai ba ya ji.

Wanda bai san aikin gidan ba, ga shi a taƙaice. Shekara arba'in ke nan, in raƙumi ya ɓace ko saniya ta shiga garken da ba nata ba, wurin Malam Abarci ake zuwa. Zai dubi lalas ɗin da ke wuya ko cinya, ko yankan da ke kunne, ya ce ta gidan wane ce. In ya faɗa, magana ta ƙare. Jandarma ma sun sha aiko masa. Lekol bai wuce aji biyu ba. Aikin a ka yake.

Marigayiya baƙuwa ce, ba a san garin da aka ƙera ta ba. Ta yi aiki a wani ofis a Maradi har aka ce ta tsufa. Raliya, ɗiyarsa, wadda ke aikin allurar bisashe a can, ita ta ɗauko ta ta kawo. Wata guda bai dubi na'urar ba. Ya ce shi ba akawu ba ne. Raliya ba ta ja da shi ba, ta nuna masa abu ɗaya kawai: ya ɗauki hoton shaidar da waya, hoto mai motsi, yana faɗin sunan mai ita da bakinsa, sannan ya zuba wa Baƙa ta igiya. Ta yi masa ɗakuna huɗu a ciki, na wuya, na cinya, na kunci, na kunne. Wayar ƙarama ce, ba ta riƙe kaya da yawa, don haka duk abin da ya zuba sai ya share daga cikinta.

Yana shaida marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha zafin bazara ba ta ce uffan ba. Cinta kaɗan ne, wutar farantin hasken rana ta ishe ta. Ɗan akuya ya taɓa taka mata fuska, ta tsage a kusurwa, ta ci gaba da aiki da tabonta. In an tashe ta takan ja numfashi, fuuu, kamar mai hura wutar shayi. In ta gama abin da aka sa ta, sai ta ce tin, sau ɗaya, ba ƙari. Ba ta taɓa ƙara wa magana gishiri ba. Abin da aka ba ta shi take mayarwa.

Babban halinta kuwa rufin asiri ne, kuma tunda ta tafi, babu amfanin ci gaba da rufewa. Ba a ɓoye wa mai wankan gawa cibiya. Shekara biyar ke nan sunaye suka fara zube wa Malam Abarci, kamar gero daga buhun da ɓera ya huda. Zai ga shaida, idonsa ya gane ta, bakinsa ya buɗe, suna ya ƙi zuwa. Sai ya gyara rawani, ya ce wa masu jira zai shiga ciki ya yi tunani. Ya shiga, ya tashi Baƙa, ya buɗe ɗakin wuya ko na cinya, ya yi ta wucewa har ya iske hoton, ya ji muryarsa ta wancan lokacin tana faɗa masa sunan. Ya fito ya faɗa. Mutane suka yi ta cewa tsoho bai tsufa ba. Yana ji, bai gyara musu ba. Uwale, matarsa, ita kaɗai ta sani, don ita ke kare na'urar daga kaji. Ba ta faɗa wa kowa ba. Iyaka in ya daɗe a ɗaki, takan leƙo daga bakin ƙofa ta ce, “Malam, tunanin naka bai sha rana ba ne yau?”

Shekara huɗu da suka wuce Raliya ta zo hutun salla da wani ɗan ƙarfe, bai kai ɗan yatsa ba. Ta ce sunansa kile, a cikinsa ake kwafe kayan na'ura a aje. Yini guda ta yi a kansa. Ta fara share shi tas, ta raba cikinsa gida biyu. A gida ɗaya ta kafa ƙofofi uku, kowace tana iya tashin na'ura ko da nata kan ya ƙi tashi: ta farko irin tsarin da Baƙa ta saba da shi, ta biyu wani mara nauyi da ake yi wa tsofaffin na'urori, ta uku ta ceto ce kawai, ta nan ake shiga a kwaso kaya in gida ya rushe. A ɗaya gidan ta kwafe duk abin da ke cikin Baƙa, shaidu ɗari bakwai da 'yan kai. Ta gwada ƙofofin ɗaya bayan ɗaya a gabansa, duk suka buɗe. Sannan ta ce duk ranar kasuwa da la'asar ya soka kile a gefen Baƙa, ya danna hoton tulun da ta aje masa a fuskarta, ya jira ta ce tin. Ta haka sabon da ya shiga cikin mako zai samu wurin kwana biyu. Ta ce in bai yi ba, kile zai tsaya a ranar da aka bar shi.

Ya ji. Ba zai ce bai ji ba. Kasuwa uku ya yi yadda ta ce.

A ta huɗu kile ya faɗi daga aljihunsa a tsakar gida. Shi da Uwale suka tankaɗe rairayi da rariya har inuwa ta juya kafin ya fito. Ya tsaya da shi a tafin hannu yana dubawa. Abin da ya kai wannan daraja, ya kuma kai wannan ƙanƙanta, a saninsa wuri ɗaya ake aje shi. Ya kai wa Hama baduku, ya ce a ɗinke masa shi cikin jar fata, ɗinki biyu, a yi masa kambu. Hama ya tambaya ko rubutu ne a ciki. Ya ce ya fi kama da haka. Aka ɗinke, ya ɗaura a dantse.

Laya ba a buɗe ta, kowa ya san wannan, kuma ba a buɗe ba take aikinta. Da wannan lissafin ya zauna. Duk ranar kasuwa da la'asar yakan tashi Baƙa, ya jingina dantsensa a gefenta daidai ramin, ya danna tulun, ya ɗan jira. Ba ta ce tin ba ko sau ɗaya. Ya ɗauka tsufa ne ya rage mata magana. Raliya ta tambaye shi a waya ko yana yi, ya ce yana yi. Da ta sake tambaya wani watan, ya ce shi ba a tambayarsa abu sau biyu. Ba ta ƙara ba. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Laifin ba na ɗiyar ba ne, ba na Hama ba ne, ba na marigayiya ba ne. A rubuta haka.

Ciwon ajali ya fara mata da zafin jiki a farkon bazarar nan. Tana tsakiyar aiki sai ta sume, sai an yi mata fifita da faifai ta farfaɗo. Daga baya tashi ya yi mata wuya. Numfashin ya koma gurnani. Bai kira kowa ba, ya ce zafi ne, damina za ta warkar da ita.

Ana cikin haka aka kawo masa maganar wata raƙuma, taguwa. An tsince ta a bakin wata rijiya, an ɗaure ta a gidan mai unguwa. Zane uku a wuya, da ɗigo ɗaya a ƙasansu. Jimrau ya ce tasa ce, Isufu ya ce tasa ce. Kakansu ɗaya, kuma zane ukun na kakan ne. Shekara uku da suka wuce suka raba garke, ɗaya ya ƙara ɗigo don a bambanta, ɗaya ya bar shaidar yadda take. Yau kowannensu yana rantsuwa shi ne mai ɗigon. Malam Abarci yana wurin ranar rabon. Ya ɗauki hoton, ya faɗi sunan. Wanda aka ce ba tasa ba ce, ba taguwa kaɗai zai rasa ba, za a riƙa nuna shi da baki a kowace rijiya har jikokinsa. Su biyun suka zauna a zauren Malam Abarci ranar Litinin, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Ya ce zai shiga ya yi tunani.

Ya danna don ya tashi Baƙa. Ta ja numfashi rabi. Sai ta ce ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana taunar tsakuwa. Ta yi shiru, ta sake, ƙas, ƙas. Fuskarta ta yi baƙi. Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Ya zauna gabanta har aka kira la'asar. Ya fito ya ce wa mutanen su dawo ranar kasuwa.

Raliya ta iso Laraba da hantsi. Ta ce kada ya damu, ai don irin wannan ranar aka yi kile, ina yake? Ya naɗe hannun riga ya nuna mata. Ta daɗe tana kallon kambun. Aka kira Hama, don shi ya ɗinka, shi ya san bakin zaren. Ya warware yana cewa wannan ce laya ta farko da ya buɗe da hannunsa, Allah ya sa ba a bakin aikinsa ba. Kile ya fito fes, ko ƙura babu. Fatar ta yi nata aikin.

Raliya ta soka shi a gefen Baƙa, ta danna, ƙofofi uku suka bayyana yadda ta bar su. Ta shiga ta uku. Fuskar Baƙa ta yi haske, har Uwale ta fara hamdala. Raliya ta ce ba ita ba ce, ran aro ne daga kile. Ta nemi cikin marigayiya, wurin da kayan suke, ba ta gan shi ba. Ta sake nema. Sannan ta buɗe gidan kwafi. Shaidu ɗari bakwai suna nan lafiya, da na kasuwa uku a kansu. Daga nan babu komi.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Baba, shekara huɗu.”

Ya ce, “Na gani.”

Ta cire ma'ajiyar cikin, wani ɗan akwati kamar gwangwanin kifi, ta kai wa wani mai gyara a Maradi. Jiya ta bugo. Mai gyaran ya ce faifan ciki ya karce, ko bature ne sai dai ya yi ta'aziyya.

Marigayiya ta bar igiyar wuta ɗaya mai ɗaurin roba a wuya, da farantin hasken rana da yanzu ba shi da wanda zai ciyar sai waya. Ta bar jakar da Uwale ta ɗinka mata da ragowar zane. Ta bar kile mai ƙofa uku, lafiyayye, wanda ya san duniya har zuwa shekara huɗu baya. Ta bar taguwa ɗaya a ɗaure tana cin harawar mai unguwa. Ta bar tsoho ɗaya.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ba za a yi mata salla ba, ba mutum ba ce, ya sani. Ba za a binne ta ba, Raliya ta ce batirinta na ɓata ƙasa, bisashe kuma na lasa. Gangar jikin za ta tafi wurin mai gyara, a raba wa masu rai abin da zai yi musu amfani.

Zaman makoki a zauren Malam Abarci ne, ranar kasuwa uku a jere, daga hantsi zuwa la'asar. Kada a kawo goro, kada a kawo dabino. Duk wanda ya sake shaida, ko ya raba garke, ko ya sayi bisa mai baƙuwar shaida cikin shekara huɗun nan, ya zo da ƙarfen lalas ɗinsa. Wanda ƙarfensa ke daji ya zana a ƙasa da yatsa, ya faɗi sunansa da na ubansa da ƙarfi. Raliya za ta ɗauka, ta zuba a na'urar da ta aro. Kile biyu za a yi. Ɗaya zai zauna a Maradi. Ɗaya a cikin gwangwani a kan ƙusa, inda hannu ke kai, kuma Uwale ce za ta riƙa sokawa.

Jimrau da Isufu su zo a zaman farko, kowa da dattawan da suka ga rabon garken, a yi a gaban mai unguwa. Malam Abarci zai zauna tare da su, amma ba a kan buzun da ya saba ba. Zuciyarsa na raya masa suna ɗaya cikin biyun. Ba zai faɗe shi ba, don ba a ɗaura wa mutum sata da raye-rayen zuciya. In an tambaye shi wane ne mai ɗigon, zai miƙe tsaye ya amsa da bakinsa, yadda na bayan zaure ma zai ji: ya manta.