Dikodarku Ta Hana Baban Yara Zuwa Asibiti

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Dikodar Haske-Har-Ɗaka,
da duk masu zama kusa da shi suna ba shi shawara.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Mu nan gida da sauƙi. Babban ɗana, direban motar haya, lafiyarsa ƙalau, sai dai wata ƙiba da yake yi wadda ban gane mata ba. 'Yata tela ta warke daga murar da ta yi. Auta ma lafiya lau, in ka cire rashin jin magana. Ni kuma gwiwa ce kawai, ita ma mun saba da juna. Wanda ba shi da lafiya shi ne Baban yara, mai gyaran agogo, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Sai da furfura ta fara fito mini sannan na shiga makarantar manya, shi ya sa haruffana suke da girma, kuma ba na sauri.

Ga yadda abin yake. Yanar ido ta rufe wa Baban yara idon dama, ta kuma fara taɓa na hagu. Mutumin da yake ɗaukar ƙusar agogo wadda ba ta fi ƙwayar yashi ba, yau shi ne yake zuba shayi a gefen kofi. Likita ya ce aikin ba mai wuya ba ne, ya sa mana ranar Alhamis mai zuwa. Mun sha fama da Baban yara kafin ya amince, amma ya amince, har ya sa aka wanke masa rigar da zai je da ita. Ana cikin haka sai kuka yi mana alheri. Sanarwa ta fito a gilashin talabijin cewa daga yanzu dikodarmu tana shiga intanet, kyauta, ba tare da mun roƙa ba. Mun gode, Allah ya ƙara arziki. Ga abin da alherin ya haifar.

Na ɗaya. Baban yara bai taɓa yarda da waya ba. Duk abin da yara suka nuna masa a cikinta, cewa yake zancen 'yan tasha ne. Amma talabijin, tun muna ango da amarya, abin da ta faɗa ya zauna. A wurinsa ba a barin mutum ya shiga cikin gilashin nan sai an bincike shi, an san gidansu, an sa masa kwat. In ta ce za a yi ruwa, da lema yake fita ko da rana tana ƙona ƙeya. To yanzu kun kwaso 'yan tashar nan kaf, kun juye su a cikin gilashin da yake girmamawa. Ranka ya daɗe, wa ya bincike su? A ƙofar wa suka tsaya kafin su shigo mini falo?

Na biyu. Direba, da kyakkyawar niyya, ya ce bari ya kwantar wa babansa da hankali, ya nemo hoton yadda ake yin aikin. A waya, ido bai fi ƙwayar wake ba. Amma a talabijin ɗinmu, wadda shi direban ya sayo ƙatuwa don unguwa ta san ya fara samu, idon nan ya cika bango. Ya fi tiren shayi faɗi, yana kallonmu, ga wani siririn ƙarfe yana shiga ta gefe. Mutumin da ba ya ganin kofi, wannan kam ya gan shi sarai. Tela ta yi waje da gudu tana salati. Auta ya ce a maimaita. Baban yara ya miƙe a hankali, ya ce a ninke rigar nan a mayar da ita akwati.

Na uku. Tun daga ranar falona ya koma asibiti, likitoci sai wanda ka zaɓa. Akwai mai farar riga da yake magana daga cikin motarsa, ya ce a ɗiga ruwan albasa. Akwai wata baiwar Allah da ta ce a dubi rana da hantsi ana juya ido. Akwai wanda ya rantse cewa yanar ido ba ciwo ba ce, rashin cin karas ne. Mun ci karas, ranka ya daɗe. Mun ci shi ɗanye, mun ci shi dafaffe, mun sha ruwansa, har Auta ya ce in ya ƙara ganin karas zai koma gidan kawunsa da zama. Albasa kuwa na kwashe ta na kai ajiya wurin maƙwabciya, yanzu miyata salam, Baban yara yana cewa hannuna ne ya tsufa. Kuma dikodarku akwai ladabi: da wannan likita ya gama, sai ta miƙo wani ba tare da an tambaye ta ba. Abin da ban gane ba, me ya sa ba ta taɓa miƙo wanda zai ce masa ya tafi asibiti ba? Ko irin waɗannan ba su da izinin shiga ne?

Na huɗu. Rimot ɗinku ba shi da haruffa, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da kibiya, kuma ni ce mai bin, tunda yara suna fita. Kafin in haɗa kalma biyu, tukunya ta kama. Wannan ƙorafin na rubuta shi ne don ku sani kawai. Don Allah kada ku gyara, shi kaɗai yake rage mana yawan likitoci.

Na biyar, kuma shi ya fi ci mini rai. Duk abin da yake rubuce a gilashin, ni nake karanta masa. Da, abin alfaharina ne. Ranar da na fara kamo rubutun nan mai gudu a ƙasan labarai, har tafi aka yi mini a gidan nan. Yau da wannan karatun da na sha wuya a kansa nake karanta wa mijina cewa wani, a wata ƙasa, ƙanin maƙwabcinsa ya yi aikin ido bai ƙara gani ba. Shekaranjiya na gwada dabara. Na ƙura wa gilashi ido, na ce an rubuta cewa aikin ido ba ya ciwo, kowa ya hanzarta ya je. Ya saurara har na gama, ya yi murmushi, ya ce in ji tsoron Allah. Wai tunda na fara karatu bai taɓa jin na wuce layi guda ban yi tuntuɓe ba, in tsaya, in ja harafi, in koma baya. Wannan da ya fito sumul, in ji shi, daga cikina ya fito. Mai gyaran agogo ne, kunnensa ya san tafiyar kowane abu. Ka gani, ranka ya daɗe, ko ƙaryar ma ba ta karɓe ni ba.

Ban ce ku cire intanet ba. Tela tana ganin sababbin ɗinkuna, ni ma na ga ƙasashen da ban san Allah ya yi su ba. Amma likitanmu ya yi wa Baban yara magana, yara sun yi, abokan sana'arsa sun zo har gida sun yi. Amsarsa ɗaya ce: duk cikinsu babu wanda ya taɓa gani a talabijin. Likitan kuma ya gaya mini cewa in ranar ta wuce mu, layin yana da tsawo, idon hagu kuwa ba zai tsaya jiran layi ba.

Saboda haka ga roƙona. Na lura duk lokacin da kuɗin wata ya kusa ƙarewa, kuna aiko da jan rubutu a tsakiyar gilashi, ana cikin kallo, kuma bai taɓa yin makara ba. Ta wannan hanyar nake so ku ba ni amsa. Kada ku aiko takarda, kada ku kira waya. Ku rubuta a gilashin, da tambarinku a sama, cewa mai gyaran agogo ya tafi wurin likitansa ranar Alhamis, waɗancan likitocin kuma baƙi ne, ku ma ba ku san daga inda suka fito ba. Ku sa manyan haruffa. Sannan don girman Allah ku zuba kalmomi masu wuya, dogaye, irin naku na ofis, waɗanda zan yi ta tuntuɓe a kansu ina komawa baya, don ya tabbata ba ni na ƙirƙira ba.

Ina jiran amsarku kafin ranar Laraba. Likita ya ce in ba za mu zo ba a sanar da shi tun ana gobe, ni kuma bakina ba zai iya furta wannan magana ba.

Taka mai biyayya, wadda take lulluɓe dikodarku da farin ƙyalle don kada ƙura ta taɓa ta,

Matar mai gyaran agogo,
uwar direba da tela da Auta.