Layar da Na Rataya a Tsibiri

Na manta abubuwa da yawa, har da waɗanda bai kamata a manta ba, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na ji muryata tana fitowa daga cikin akwati a tsakar gidan surukaina ba.

Lokacin Nasara bai tafi ba tukuna, ko da yake an fara raɗe-raɗin tafiyarsa. Ina planto, wato ɗan aike, a wani kamfanin sayen gyaɗa a Maraɗi. Shekara uku na yi a lakwal, makarantar boko, abin da ya isa in karanta suna a bayan wasiƙa in kai ta inda aka ce (ya kuma isa in riƙa jin na fi duk wanda aka haifa a Jiratawa, garinmu). Da Mushe, wato Nasaran da nake yi wa aiki, zai koma ƙasarsu, sai ya bar mini wani akwati mai ɗaukar magana, manyatofon suke ce masa. Da pil, wato batir, yake aiki. Maganar tana hawa kan wani siririn abu mai kama da tsagin kaba, bandi, kuma guda ɗaya tak ya haɗa mini da shi. Mikiro kuwa, abin da ake magana a cikinsa, ya ce ya ɓace wajen haɗa kaya.

A shekarar ce matata ta kwanta. Sunanta Habsu, amma ban taɓa kiranta da shi a gaban mutane ba, Ta-Tsibiri nake ce mata. Ciwon ƙirji ne. An je likita, an sha saiwa, daga baya iyayenta suka ce a kawo ta gida jinya. Tana da wata waƙar niƙa da ta koya wurin mahaifiyarta, Inna, waƙar wata yarinya da ke ba ruwan gulbi saƙo ya kai wa ’yan’uwanta. Tun tana amarya nakan tsaya a zaure in yi kamar ina gyaran keke, don kawai in ji ta har ƙarshe. Ba wanda ya gaya mini komai game da ciwon, ni ma ban tambaya ba. Na dai san ina so waƙar nan ta shiga akwatin kafin kaka.

Sai na tafi Sabon Gari wurin Malam Idi mai gyaran rediyo. Ya jawo wata tsohuwar adaka, ya fito da mikiro biyu. Ɗaya babba ne mai nauyi, da ƙafarsa ta ƙarfe, kamar a ajiye shi a gaishe shi. Ɗayan ƙarami, baƙi, bai wuce ƙwan zabo ba, da ɗan madauki na igiya a jikinsa.

“Wanga babban, ɗaki duka yake ji,” in ji Malam Idi. “Ko kaza ta yi tari a bayan gida sai ya ɗauka. Ƙaramin kuwa kamar kakana ne. Sai ka sa mishi baki cikin kunne.”

Na tambayi kuɗin babban. Da ya faɗa, sai na ga ƙaramin ya ƙara kyau. Ya jona shi, ya kai shi bakinsa, ya ce “alo, alo”, muka saurara, murya ta fito tar kamar mutumin yana cikin akwatin a zaune.

“To ai ga shi yana ji,” na ce.

“Yana ji mana, tunda na sa mishi baki. Ka dai ji abin da na ce?”

“Na ji, Malam.”

Ban ji ba. Ina can ina kallon madaukin. Kuma bari in faɗi gaskiya, tunda na tsufa ba wanda zai kore ni daga aiki: da na matsa, da na iya sayen babban. Amma na riga na ga wata hula a kasuwa, na kuma gaya wa kaina cewa mutumin da zai shiga gidan surukai da akwatin Nasara bai kamata ya shiga da tsohuwar hula ba. Na sayi ƙaramin mikiro, na sayi hula.

Ranar Lahadi na ɗaure akwatin a bayan keke na kama hanyar Tsibiri. An yi ruwa da asuba. Gero ya fara fidda kai, itatuwan gawo sun tsaya tsirara a tsakiyar kore kamar yadda suke yi da damina, fadamar gulbi tana ta tururi. Ina tafe ina ganin abin da zai faru: shekaru sun wuce, mun tsufa ni da ita, na kunna akwatin, ta rufe fuska ta ce in kashe. Har furfurarta na gani. Sau biyu na kusa faɗawa cikin gonar mutane.

An shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin rumfa, a ƙofar ɗakin Inna. Ta rame, amma ta sa kwalli. Inna ta zauna kusa da ita da dutsen niƙa, don ta ce waƙar ba ta fitowa sai hannu yana aiki. Ni kuwa na zauna a bakin zaure, taku goma ko fiye daga wurinsu. Ba sai na yi wa kowa bayani ba: suruki ba ya zuwa ya durƙusa gwiwa da gwiwa da uwar matarsa. Ko gaisuwa daga nesa nake yi, kaina a ƙasa. Igiyar mikiro kuma ba ta fi kamu uku ba. Ba wa wani ya riƙe mini? Ai ko ƙura ban yarda ta taɓa akwatin nan ba.

To ina za a sa abu baƙi, ƙarami, mai madauki? Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san amsa. Na rataya shi a wuya, ya kwanta daidai ƙarƙashin haɓata.

Baba, mahaifinta, yana zaune gefe yana tufkar igiya. Ya dube ni ya ce, “Laya ce aka haɗo ka da ita?”

“Kunnen akwatin ne, Baba.”

“Kunne a wuya?”

“Haka Nasara ke yi.” (Ban taɓa ganin Nasara ya yi ba.)

Na danna. Bandi ya fara juyawa. Dutse ya fara, Inna ta ɗauko waƙar, can sai Habsu ta shigo a hankali, muryarta siririya kamar zaren da aka ja har ya kusa tsinkewa. Na rufe ido. Daga nan ban ƙara sanin ina Tsibiri ba. Na koma ranar da na fara ganinta a bakin gulbi, tulu a ka, ruwa yana zubo mata a gefen wuya, ba ta ma san an aiko ni wani wuri na manta ba. Na ga ɗakinmu na farko, da hasken rana da ke shigowa ta ɓular zana yana tafiya a kan bango. Na ga ruwan gulbi yana ɗauke da saƙon yarinyar nan yana wuce Maraɗi, yana wuce garuruwan da ban san sunansu ba. Inna tana da murya mai ƙarfi, takan rufe ta Habsu, ni kuma ina ta miƙa kunne ina nemanta a ƙarƙashi. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai buɗe ido na ga bandi ya kusa ƙarewa, na tsayar.

Kafin in mayar da shi baya, tsakar gida ta cika. Baba ya aika an kira abokansa, mata sun leƙo ta kan danga. Na gyara hulata. Na danna.

Da farko aka ji wani abu kamar zugazugin maƙera. Numfashina ne. Sai wani dogon ƙugi, wanda duk wanda ya sha furar gidan da safe ya gane ko mene ne. Can nesa, nesa ƙwarai, ana jin wani ɗan amo kamar sauro a cikin tulu. Wannan ita ce waƙar.

Sai wani ƙato ya fara bin waƙar da hanci, ba a kan hanya ba. Aka fara duban juna. Ƙaton ya yi ajiyar zuciya, ya ce, “Habsu. Kai, Habsuna.”

Baba ya ajiye igiyarsa. “Halan akwatin ga ya san sunan ɗiyata?”

Na kai hannu in kashe, na murɗa wani abu, murya ta ƙaru. Kuma a daidai nan ne ƙaton ya ce, a fili, kowace kalma da ƙafafunta:

“Inna, ki ɗan sassauta mana. Ba ke aka zo ɗauka ba.”

Ƙaton, don kada a ce ba a ji ba, ya maimaita.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shige ɗaki. Na ji sabuwar hulata ta yi nauyi kamar turmi. Na dubi ƙasa ina neman ramin da zai ɗauke ni, ko na gyare ne. Can daga cikin ɗaki muryar Inna ta fito, a natse: “A gaya wa baƙo na sassauta.”

Habsu ce ta fara dariya. Ta yi har tari ya kama ta, aka ba ta ruwa, ta sha, ta ci gaba. Daga baya aka gaya mini tun da aka kawo ta gidan ba a ji dariyarta ba sai ranar. Da ta samu numfashi ta ce, “Maigida, kawo layar taka.”

Tunda Inna tana ciki, na ɗauki akwatin na matsa har bakin tabarma. Bandi saura kaɗan. Na cire abin daga wuyana na ba ta, ta riƙe shi da hannu biyu dab da bakinta, yadda Malam Idi ya yi. Na danna. Ta ɗauko waƙar, ta yi baiti ɗaya, numfashi bai kai ta na biyu ba. Sai ta dube ni ta yi ’yar dariya ta ce, “To, yanzu ni aka zo ɗauka?”

Bakin bandi ya kuɓuce, ya riƙa kaɗawa.

Da na koma wurin Malam Idi bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce ana iya shafewa a sake ɗauka a kai. Lahadi ta gaba na gaya mata. Ta ce kada in kuskura. Duk zuwan da na yi bayan nan sai ta sa na kunna mata tun daga zugazugi, idan an zo wurin Inna ta rufe baki da zane, kafaɗunta suna rawa. Inna kuwa ta riƙa aiko mini da fura tana cewa a tambayi baƙo ko ta yi ƙarfi a sassauta.

Ba ta ga yankan gero ba.

Shekaru da yawa bayan haka, muna zaune a nan Maraɗi, unguwar Zariya, ’yarmu Rabi ta kai bandin aka juye shi a kaset. Ta ce mai aikin ya ce zai iya yanke duk gaban, ya bar wurin mahaifiyarta kawai. Na ce a bar shi yadda yake. Ta haka ita ta saba jin sa, ni ma ta haka nake zuwa wurinta: in wuce numfashina, in wuce cikina, in ji kaina ina yi wa surukata rashin kunya sau biyu, sannan a buɗe mini. Baiti ɗaya, da dariya, da tambaya guda.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan mai kaya ya ce abu ba ya jin nesa, to ba ya ji. Idan kuɗinka bai isa kunne da hula ba, sayi kunne. Idan kuma muryar wani ka zo ɗauka, cire abin daga wuyanka ka miƙa masa, ka yi shiru. Hular nan ban ƙara sa ta ba, tana nan cikin adaka tare da ƙaramin mikiro. Tambayar kuwa, duk lokacin da ta yi ta ina amsawa, ko da yake yanzu na iya yi a hankali.