Ranar da Ƙasar Jidda Ta Haɗiye Min Takalmi

Ko zan manta lambar iƙamata, wato takardar izinin zama, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi koya wa 'yan Jidda ƙasarsu ba. Lokacin ina zanen taswira a wani ɗan ofishin injiniyoyi a unguwar Safa, shekarata biyu da zuwa daga Zariya, kuma gaskiya na ƙosa. Kullum motar haya daga unguwarmu Mahjar, kullum teburi ɗaya, kullum ja layi. Zaman ya ishe ni.

Sai aka kawo mana aiki. Akwai wani tsohon layin dogo a kudancin gari, an ce da can duwatsu ake jigila a kansa, yanzu tsatsa da awaki sun gaje shi. Aka ce mu duba: a gyara dogon a sa jirgin da zai riƙa kwaso ma'aikata daga bayan gari, ko a bi hanyar a haƙa a yi jirgin ƙarƙashin ƙasa? Na farko ya fi sauƙin yi, amma zai riƙa tsare motoci a kowace mararraba. Na biyu ba ruwansa da cunkoso, sai dai haƙa ce ba ta wasa ba.

Ni dai tun ba a gama bayani ba na zaɓi haƙa. Ba kishin talakawa ba ne, kada in yi muku ƙarya. Maigidanmu Abu Majid, wanda shi ne kafilina, wato mai tsaya min a ƙasar, ya ce idan aka tsayar da na ƙarƙashin ƙasa zai tura mutum ɗaya Alƙahira wata uku ya ga yadda nasu yake aiki. Ai tun ranar na kasa zaune na kasa tsaye. (Har akwati na sa matata ta sauko da shi ta karkaɗe.)

Mutum ɗaya ne ya tsaya min a wuya, Baba Bukari direban ofis, Bahaushe haifaffen Jidda, rabin zancensa Larabci. Ya ce, "Ya waladi, ƙasar nan cikinta ruwa ne. Sama a bushe, ƙasa bahar. Halas, ku bar jirgi a kan dogonsa."

Na ce, "Haba Baba! Garin da ake shekara ba a ga hadari ba? Mu da muke da damina ma sai an yi gaba goma rijiya take kawo ruwa." (Ku ji fa, ni da ko ramin shuka ban taɓa tonawa a Jidda ba.)

Ranar zuwa duba wurin na saka sabuwar farar jallabiya, har da biro biyu a aljihu. Abu Majid ya zo da baƙi biyu, waɗanda suka ba mu aikin. Muka bi dogon a ƙafa har inda ya ratsa wani fili fari fat, a shafe kamar daɓen ɗaki. Baƙin suka tambayi yanayin ƙasar. Kafin maigida ya buɗe baki na riga shi. Na zuba Larabcina na kasuwa, na ce ƙasa ce tsandauri, duk inda aka haƙa lafiya lau. Baba Bukari yana bayana yana cewa da Hausa, "Kai, kada ka sauka daga kan dogon nan." Na yi kunnen uwar shegu. Don su gani da idonsu, na tattare jallabiya, na daka tsalle daga kan tudun dogon, na dira da ƙafa biyu.

Wayyo Allah! Ashe ɓawon gishiri ne a sama. Ya fashe, na nutse har gwiwa cikin baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na yunƙura in ciro ƙafar dama, ta hagu ta ƙara lumewa. Na sake yunƙurawa, sai ga ni zaune daɓas. Can ɗaya baƙon ya durƙusa a bakin tudu, ya dubi ruwan da ke taruwa a gefen cinyata, ya ce wa maigida a natse, "To, mun ga inda ruwan yake." Ya ciro takarda ya rubuta. Wallahi da dariya suka yi da ta fi min sauƙi.

Baba Bukari ne ya jawo ni da igiyar mota. Sannan ya shimfiɗa min jaridu a bayan a-kori-kura. Takalmina ɗaya yana can har yau.

Da na isa gida matata ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Malam, jirgin ne ya bi ta kanka?"

Ofis ya ba da shawarar a bar jirgi a kan dogo, kuma ni aka sa na zana taswirar da hannuna. Alƙahira kuwa sai a labari. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba, don ni da kaina na yi wa zaɓina shaidar da ta kayar da shi. Yanzu duk abin da na ji raina yana mugun so ya zama gaskiya, sanda nake fara turawa, ƙafa ta jira.