Sabuwar Mota Mai Fuskar Tsohuwa

Wani ne ya shekara shida yana hawan babur, surukinsa yana yi masa kallon wanda bai san ciwon kansa ba. Duk ranar da aka taru a gidan tsohon, mijin ƙanwar matarsa yakan ajiye ƙatuwar mota a ƙofar gida, shi kuma ya jingine babur a jikin katanga. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Ba shi da wani buri a duniya da ya wuce tsohon nan ya buɗe baki ya ce, “Lallai ka sayi sabuwar mota.”

Da Allah ya hore masa, sai ya nufi wajen dillalin motoci. Dillali ya nuna masa wata 'yar mitsitsiya, fitilunta kewayayyu kamar idon mujiya, bayanta a dunƙule, ƙofa biyu kacal.

“Wannan ake yayi,” in ji dillali. “Sabuwa ce dal, amma an ƙera ta da siffar motocin da. Sai masu ido suke gane ta.”

Gogan naka ya ji an ce masu ido, ko tayi bai yi ba ya karɓi makulli.

A hanya ya tsaya gefen titi zai amsa waya. Bai gama sallama ba sai ya ji mota tana tafiya da kanta. Ya waiga, ashe ƙarti huɗu ne suke turawa.

“Sa giya ta biyu, malam! Saki kuloci!”

“Kai, lafiyarta ƙalau! Sabuwa ce!”

“Haka kowa yake cewa. Saki kuloci!”

Da ya isa gida, matarsa ta fito ta zagaya motar sau biyu, ta riƙe haɓa.

“Maigida, gadon wa aka raba ban ji ba?”

“Wane irin gado? Sabuwa ce!”

Tun daga ranar ya rantse ba mai cire ledar kujerun. Takardun motar ma ya liƙa su a gilashin baya, don mai shakka ya karanta. Duk da haka sai da mai sayen tsofaffin ƙarafa ya tsaya ya ƙwanƙwasa ta, ya tambaya ko za a sayar.

Ranar Asabar ya wanke ta fes, ya je ya ce shi zai kai surukinsa wajen aski. Tsohon kuwa ga tsawo ga tumbi. Ya buɗe masa ƙofar gaba.

“Bismilla, Baba.”

“Gaba? Ni kwandasta ne? Manya a baya suke zama. Ina ƙofar baya?”

“Ai babu, Baba. Kujera ake kwantarwa a shiga.”

Tsoho ya harare shi, amma ya ƙi sauka daga maganarsa. Kai ya shiga, kafaɗa ta shiga, tumbi ya ce bai san zancen ba. Sai da mutumin ya nemi gafara ya sa kafaɗa ya tura. Tsoho ya faɗa ciki, gwiwoyinsa suka haɗu da gemunsa. Ga zafi, ga leda, gumi ya ce salamu alaikum.

A ƙofar shagon aski aka nemi fita, fita ta gagara. Mai aski ya ja ƙafa, takalmi kawai ya fito. Mai shagon kusa ya ja hannu, tsoho ya kurma ihu. Dole aka kira bakanike ya kwance kujerun gaba duka biyu.

Bakanike yana kwancewa yana girgiza kai. “Rabona da irin wannan tun ina koyon aiki. Ashe da sauransu a raye?”

Mutumin ya ji kamar ya fashe da kuka. Bayan awa guda aka zaro tsoho, sharkaf, ledar kujera manne a bayansa. Ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu, jama'a sun yi cirko-cirko.

Mutumin ya durƙusa. “Baba, wallahi sabuwa ce. Ko wata ɗaya ba ta yi a duniya ba.”

Tsoho ya dubi motar, ya dube shi.

“Na yarda sabuwa ce, ɗana. To ka mayar da ita wajen uwarta, in ta girma ka zo ka ɗauke ni.”